Su wa suka kori 'yan Italiya daga Kasala, sojojin Bama ne ko Indiyawa?

Ɗan Kasala:

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa yana lafiya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan hali da ƙasa take ciki. Dan Allah masana tarihi ku raba mana gardama. Wani dattijo a hillarmu ya kafe kai da fata cewa lokacin yaƙin Hitila da 'yan Italiya suka shigo Kasala, sojojin Hausa ne Turawan Ingila suka kwaso daga Najeriya suka kore su, wai daga nan ma aka zarce da su ƙasar Bama wato Myanmar ta yanzu, wani kuma ya ce sam ba haka ba ne Indiyawa ne masu rawani da gemu, mu kuma a makaranta abin da aka karantar da mu shi ne rundunar tsaron Sudan ce ta yi yaƙin Karan da ke Iritiriya. Toh wanne ne gaskiya? Kuma ita rundunar da ake cewa ta Hausawa ce, yaushe aka kafa ta, ina da ina ta yi yaƙi? Wanda ya sani ya taimaka, na gode.

Ustazu na Gadarif:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A batun Kasala dai mai maganar Indiyawa shi ya fi kusa da gaskiya, kuma littafin makarantarku bai yi ƙarya ba sai dai ya rage labarin.

Italiya ta shiga yaƙin ne a watan Yuni 1940, ran 4 ga Yuli suka tsallako daga Iritiriya suka kama Kasala, a ranar kuma suka kama Gallabat ta wajenmu nan. Lokacin duk rundunar tsaron Sudan ba ta wuce mutum 4,500 ba sai bataliya uku ta Turawa, a ƙarƙashin Janar Platt, ga iyaka mai tsawon tsiya, wallahi da sun matsa da sun iya kaiwa Atbara ko Hartum amma suka tsaya, ga damina ga ƙarancin mai.

Sai a watan Satumba 1940 Runduna ta 5 ta Indiya ta sauka a Bur Sudan, shugabanta Manjo Janar Heath. Yadda aka haɗa ta ma abin lura ne. Ita runduna irin wannan a ƙa'ida birged uku ce, kowace birged bataliya uku, kowace bataliya mutum ɗari takwas ko kusa da haka, to ita da birged biyu kawai ta zo, ta 9 da ta 10. Sai aka ɗebi bataliyoyin Turawa ukun nan da suke Sudan tun da, aka barbaza su a ciki aka fitar da birged ta uku wato ta 29, kowace ta zama Indiyawa biyu Turawa ɗaya. Kun ga ke nan a ƙasarmu aka ƙarasa ginin rundunar. Aka ajiye ɗaya ta tsare Bur Sudan, ɗaya ta fuskanci Kasala, ta 10 kuma aka turo ta Gallabat.

Wanda yake riƙe da ta 10 ɗin ku riƙe sunansa don zai sake fitowa a labarin Bama, Birgediya Slim. Ran 6 ga Nuwamba ya kai hari Gallabat ya karɓe ganuwar, amma tankokinsa suka lalace a kan duwatsu da nakiya, jiragen Italiya kuma suka yi musu ruwan bom, dole ya ja da baya bai tsallaka Matamma ba. Ba a cika son faɗin wannan ba amma kashi suka sha a ranar.

A ƙarshen shekarar aka ƙaro Runduna ta 4 ta Indiya daga Masar. 'Yan Italiya da suka ga haka sai suka sulale daga Kasala da kansu, aka shiga garin ran 19 ga Janairu 1941, aka bi su Agordat da Barantu har Karan. A nan aka yi na gaske, kusan wata biyu ana hawa dutse ana gangarowa don hanya ɗaya ce tak ta ratsa kwazazzabo kuma 'yan Italiya sun farfasa dutse sun toshe ta, suna sama suna kallon duk wanda ya motsa. Sai ran 27 ga Maris Karan ta faɗi, Asmara 1 ga Afrilu, Masawwa 8 ga Afrilu. Sojojin Sudan suna ciki tun daga farko musamman masu motocin bindiga mai sarrafa kanta da suka riƙa kai samame bayan abokan gaba. Amma birged ta Najeriya kam ba ta biyo ta nan ba, su ta kudu suka shiga, wannan sai wanda ya fi ni sani ya ɗora.

Baƙon Jidda:

Ustazu Allah ya ƙara ilimi, bari in ɗora daga inda ka tsaya.

Shi dattijon naku ba daga sama ya ƙirƙiro maganar ba, labari biyu ne suka haɗe masa. Gaskiya ne sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a shekarar 1941 ɗin nan, amma ta jirgin ruwa aka kai su Kenya tun 1940, birged ɗaya ta Najeriya ɗaya ta Gwalkwas wato Gana ta yanzu. Ta Najeriya ita ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941 sannan ta yi arewa a guje ta Jigjiga da Harar, rundunar da suke ciki ta shiga Adis Ababa ran 6 ga Afrilu. Wato lokacin da Indiyawa suke fama a Karan su suna can ɗaya gefen Habasha. Abokin gaba ɗaya, wata ɗaya, hanya daban. Da aka gama aka mai da su gida.

To rundunonin da ake cewa na Bama guda biyu ne, ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma a wancan lokacin ko kafa su ba a yi ba. Ta 81 a watan Maris 1943 aka kafa ta, ta 82 a watan Agusta na shekarar. Dalili kuwa Japan ta cinye Bama a 1942 ta iso bakin iyakar Indiya, Ingila ba ta da mutane, sannan a Afirka ta Yamma barazanar Faransawan da suke bin Jamus ta kau, sojoji suna zaune a bariki. Janar Giffard wanda ya riƙe sojojin Afirka ta Yamma kafin a mai da shi Indiya shi ya ce a kawo su, hujjarsa wai sun saba da kurmi. Ni wannan hujjar dariya take ba ni, mutumin da aka ɗauko daga Katsina ko Gumel ko Azare ina ya ga kurmi? wasu ma teku a Legas suka fara ganinta ranar da za a zuba su a jirgi.

Kuma ba ta Hausawa zalla ba ce dan Allah mu daina faɗin haka. Akwai Tibi da yawa, akwai Barebari, Zabarmawa, mutanen arewacin Gwalkwas, Saliyo, Gambiya, Yarabawa da Ibo musamman a wajen aikin direba da asibiti da waya. Abin da ya sa ake jingina ta gare mu shi ne tun asali Hausa ce yaren bariki a sojan Najeriya da Gwalkwas, hafsa Bature ma sai ya koya. Hafsoshi kuwa kusan kaf farare ne, da suka yi ƙaranci har 'yan Polan aka kawo ɗaruruwa da Turawan Rodeshiya. Baƙi na farko da ya samu igiyar hafsa shi ne Seth Anthony ɗan Gwalkwas, ya kai manjo.

Ta 81 shugabanta Manjo Janar Woolner, tambarin kafaɗarsu baƙin gizo-gizo a kan rawaya, na tatsuniyar Ashanti ne amma ai duk ɗan Hausa ya gani ya san Gizo ne. Suka zagaya ta Afirka ta Kudu suka sauka Bombai. Suna isa aka zare musu birged ɗaya, ta 3 wadda duk 'yan Najeriya ce, aka ba Janar Wingate na Ingila don ya saka a dakarunsa na Chindit da ake saukewa bayan layin Japan. Shi ma Wingate ɗin naku ne ai, ya yi shekaru a rundunar tsaron Sudan a gabas wajen Gadarif da Gallabat, kuma shi ya rako Haile Selassie daga Sudan ya koma ƙasarsa a 1941. Ya mutu a haɗarin jirgi a Maris 1944, 'yan Najeriyar kuma aka sauke su a Afrilu suka riƙe sansanin da aka tare hanyar jirgin ƙasa.

Ragowar birged biyu aka tura su kwarin Kaladan a yankin Arakan na yammacin Bama a farkon 1944. Nan ne abin da ya bambanta su da kowa. Ba titi, ba hanyar mota, duwatsu ne masu kaifi da gora da rafuka, da hannu da adda da diga suka sare hanyar jif mai tsawon kilomita 120. Kowace birged tana da rukunin 'yan dako, sojoji ne su ma amma aikinsu kaya a ka, harsashi, rediyo, magani, makarar ɗaukar marasa lafiya, da yawansu adda kawai gare su ba bindiga. Abinci kuwa daga sama, jirage suna zuwa suna sako buhuna da laima, su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta sama wata da watanni. Wanda ya ji rauni sai a share fili ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauke shi. Sun gangara har Kyauktaw, a farkon Maris Japan ta yi musu kwanton ɓauna ta juyo da su baya, Woolner ya rasa kujerarsa daga baya aka kawo Loftus-Tottenham. Bayan damina suka sake gangarawa.

Ta 82 ita ce ta ƙunshi tsofaffin birged biyun nan da suka yaƙi Italiya, kun ga inda maganar dattijonku ta samo tushe, mutum ɗaya zai iya cewa na yaƙi Italiya na yaƙi Japan kuma bai yi ƙarya ba. Tambarinsu māsu biyu a gicciye a kan gammo. Ta shiga fage a ƙarshen 1944, suka haɗu da ta 81 suka kama Myohaung tsohon birnin sarakunan Arakan a Janairu 1945, daga nan ta 81 ta koma Indiya hutu, ta 82 a hannun Stockwell ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da An har Taungup. A yaƙin Kaladan na farkon 1944 ta 81 tana ƙarƙashin babbar runduna ta 14 ne, kuma mai ita ba kowa ba ne illa Slim na Gallabat. Ita ma ta 5 ta Indiya da ta karɓi Kasala tana nan Arakan a farkon 1944 gefe da gefe da ta 81.

Jikan Mai Wurno:

Malam na Jidda ka yi ƙoƙari ba laifi, amma ni yadda kake ba da labarin kamar wani abin alfahari shi ne bai kwanta min ba. Wannan sojan da kake lissafa wa gwaninta daga ina ya samo asali? Ba shi ne wanda Lugga ya kafa a 1897 ba? Su suka fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato a Maris, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi a watan Yuli tare da jama'a masu yawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da waɗanda suka tsira su suka taka ƙasa da ƙafa har bakin kogin nan kusa da Sinnar, garin da nake rubuto muku daga cikinsa yanzu. Mu saboda su muka zama 'yan Sudan fa. Shekara 40 kacal tsakanin Burmi da kafa runduna ta 81, akwai tsofaffin da suka ga duka biyun da idonsu.

Sannan me suka je karewa a Bama? Japan ta taɓa gonar wani a Kano ne? Mulkin mallaka ne aka kai wanda ake mallaka ya tsare wa mai mallakarsa wata ƙasar da ya mallake. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Albashin baƙi bai kama ƙafar na fari ba, kuɗin sallama haka, bulala kuwa ana yi wa baƙin soja a lokacin da an daɗe da hana yi wa Bature. Kuma kada a ce min sa kai suka yi, kowa ya san yadda ake yi, a ce wa sarki ana son mutum kaza, sarki ya ce wa hakimi, hakimi ya ce wa dagaci, shi kuma dagaci ɗan wa zai bayar? ba dai nasa ba. Ga gammon ma da ka faɗa, su da kansu suka ɗinka a kafaɗa cewa 'yan dako muka ɗauko.

Hajiya Ummu Madina:

Ni dai tambayata ga masu ilimin, matan da aka bari fa? shekara uku huɗu miji ba labari, ya aka yi da aurensu, ana aiko musu da wani abu ne ko haka aka bar su?

Baƙon Jidda:

Ɗan'uwa na Mai Wurno Allah ya jiƙan magabata, ban musa ko ɗaya daga abin da ka lissafa ba, asalin sojan haka yake kuma tilas ta yi aiki a wurare da yawa. Amma akwai waɗanda suka kai kansu, talauci da haraji da son ganin duniya, wani kuma rigima ya gudo wa a gida. Sarakuna ma sun shiga cikin abin dumu-dumu, Sarkin Katsina Usman Nagogo har can ya je ya gaishe su. Inda na saɓa da kai shi ne maganar gammo. Ka dubi yadda yaƙin Arakan yake, duk rundunar da ta dogara da mota tana maƙale a bakin teku kan titi ɗaya, Japan ta san inda za ta tare ta, ta kuwa tare su a 1943 ta yi musu kaca-kaca. Wadda take tafe da kayanta a ka ita ce kaɗai za ta iya hawa inda alfadari ma yake turjewa ta ɓullo ta bayan abokin gaba, shi ya sa aka ba su gefen da ba wanda zai iya. Laifin da nake gani shi ne yadda aka tura mutum cikin wuta da adda, da kuma yadda da aka zo rubuta tarihin yaƙin aka wuce su a layi biyu uku, shi kansa Slim yabon da ya yi wa Indiyawa da Gurka 'yan Nepal bai yi musu kwatankwacinsa ba.

Hajiya, akwai tsarin da soja zai ware wani abu daga albashinsa a riƙa ba iyali ta hannun En'e, wani kuma a ajiye masa sai ya dawo, wasiƙa kuma tana zuwa amma sai an nemi mai karantawa, labarin yaƙi kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ce take kawowa. Duk da haka aure da yawa ya mutu, don yaƙi ya ƙare a Agusta 1945 amma rashin jiragen ruwa ya sa da yawa sai 1946 suka ga gida, ta 82 ita ta fi daɗewa. Wani ya dawo ya tarar alƙali ya raba auren har ta haihu a wani gidan. Su ne ake ce wa 'yan mazan jiya, wasu suka samu aikin dogari da ɗan doka da masinja da direba, wasu kuma kuɗin ya ƙare a wata shida.

Ɗan Kasala:

Kai jama'a Allah ya saka, tamam. Toh akwai inda mutum zai ga sunayen waɗanda suka mutu a can? Akwai masu dangi a Najeriya da suke son dubawa.

Ustazu na Gadarif:

Akwai. Hukumar da take kula da kaburburan yaƙi ta Ingila, CWGC, ta zuba sunayen a intanet kyauta, sai dai fa waɗanda suka mutu ne kawai ba waɗanda suka dawo ba. Na Bama mafi yawa suna maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, a nan akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki da yawa don wanda ya faɗi a Kaladan galibi a nan dajin aka rufe shi. Na yaƙinmu na nan kuma akwai maƙabarta a Karan akwai a Hartum. In za ku duba ku tuna yawanci da sunan mutum da na garinsu aka rubuta shi ba da na mahaifi ba, wani ma garin da aka ɗauke shi aka liƙa masa ba nasu ba, don haka in iyali suna da lambar soja a jikin mindarsa ko takardar sallama ita ta fi saurin fito da shi.

Wanda kuma yake zuwa Najeriya ya lura da sunayen barikoki, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da An da Arakan da Myohaung da Tamandu a Legas, duk daga wancan yaƙin ne, Mogadishu kuma daga na Italiya. Lambobin ma sojan Najeriya bai yar ba, runduna ta 81 tana Legas ta 82 tana Inugu.